Dutsen da Aka Yi wa Fuskar Rago

Ranar da na isa Maiyama hutun Babbar Sallah, ban ko gama gaisawa da mutanen gida ba aka kawo mini ƙara. Mai ƙarar mahaifiyata ce, wadda muke kira Inna. Wadda ake ƙara kuwa 'yar wana ce, yarinya 'yar shekara tara da ke aji huɗu na firamare. Abin da ya haɗa su wani dutse ne mai sulɓi, bai wuce tafin hannu ba, wanda yarinyar ta tsinto ta wanke, ta shafe shi da farar ƙasa, sannan ta zana masa fuskar rago da gawayi. Ragon layyarmu ne, wanda ke ɗaure a gindin darbejiyar tsakar gida: fari, da baƙi zagaye da idanu, da ƙaho ɗaya da ya karye a baki.

"Wanga abu gunki na," in ji Inna. "Ba ni kwana gida guda da shi. Ka hwaɗa mata ta kai shi bola."

Yarinyar ta maƙale a bayana tana cewa, "Baffa, Malama ta ce kowa shi kawo aikin hannunai, in an koma."

Na roƙi Inna ta ba ni kwana uku, na ɗauki dutsen na sa a aljihu. Tun daga ranar nake juya maganar, kuma ga inda na tsaya: ina ganin ya kamata a bar yara su yi irin wannan zane, har ma a koya musu. Sai dai tsoron Inna ba na jahilci ba ne, kuma duk wanda ya yi masa dariya bai san tarihin ƙasar da yake tsaye a kanta ba.

Bari in fara da Malamar, domin ita ce abin mamakin farko. Duk wanda ya yi firamare a ƙasar nan ya san abin da ake nufi da aikin hannu. A zamaninmu tsintsiya ce. Ranar da za a ba da maki sai uwa ta ba ka kuɗi ka je kasuwa ka sayo tsintsiya ko mafici ko faifai, ka miƙa, a rubuta maka saba'in bisa ɗari. Hannun da ya yi aikin na wata tsohuwa ne a ƙauye, kai naka miƙawa ne kawai. Yanzu a wasu makarantun an ma hutar da yaro zuwa kasuwa, kuɗin ake karɓa kai tsaye. Alhali darasin al'adu da fasaha yana nan cikin manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara da hukumar NERDC ta tsara, wadda aka fara aiki da ita a 2008. Idan ka tambayi dalilin da ba a koyar da shi, amsar ɗaya ce: babu kayan aiki. Babu takardar zane, babu fensir mai launi, babu fenti. Gaskiya ne babu su. To amma ga wata malama da ta duba ta ga akwai dutse, akwai farar ƙasa, akwai gawayi a kowane murhu, akwai ƙaro da za a jiƙa a haɗa launin ya kama, kamar yadda almajirai suka daɗe suna haɗa tawadar allo. Ba ta nemi ko sisi daga iyaye ba.

Wana yana ganin a waya Malamar ta gano abin, kuma mai yiwuwa haka ne. A Amurka da Turai zane a kan 'yan duwatsu ya zama yayi, musamman tun 2015 da wata mata mai suna Megan Murphy ta fara ajiye duwatsu masu rubutu a bakin teku a Cape Cod domin masu wucewa su tsinta. Intanet cike take da bidiyon yadda ake mayar da tsakuwa mujiya ko kyanwa. Wannan ne ya sa wasu ke ɗaukar abin wasan 'ya'yan Turawa ne da ya biyo waya ya shigo mana.

Wanda ya faɗi haka bai je Birnin Kudu ba. A can, a jihar Jigawa, akwai Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, kuma a jikin lungunan duwatsun akwai tsofaffin zane-zanen shanu da aka yi da jan launi da fari. Bernard Fagg, Baturen nan mai binciken kayan tarihi da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya yi nazarinsu a shekarun 1950, tare da duwatsu masu amo da ke wurin, waɗanda idan aka buga suke ƙara kamar kuge. Akwai makamantansu a Geji da Shira a jihar Bauchi. Abin da ya fi ɗaukar hankalina game da shanun Birnin Kudu shi ne ba su da tozo. Wasu masu dogon jiki ne da dogayen ƙahoni, wasu masu gajerun ƙahoni irin na muturu da har yau ake kiwo a kudancin Najeriya. Ka zagaya kasuwannin shanu na Arewa yau, daga Maigatari zuwa Illela, masu tozo za ka gani: bunaji, rahaji, bokolo. Shanun da mai zanen ya sani sun bar wannan ƙasa, sunansa ya ɓace, harshen da yake magana da shi ma ba a ji shi ba. Amma ya dubi saniyarsa da kyau, ya sa abin da ya gani a kan dutse daidai, har ta kai bayan ƙarnuka masana suka iya duban zanen su ce ga irin saniyar.

Idan aka haura arewa zuwa Nijar, a Dabous, tsakanin Agadas da Arlit, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin wani fa. Babban ya haura mita 5, kuma an ƙiyasta shekarunsu tsakanin 6,000 zuwa 8,000. An fitar da kowane tabo na fatarsu, kuma daga bakin kowanne akwai wani layi da ya sauko zuwa ga wani ɗan ƙaramin mutum. Yau wurin hamada ne, babu itacen da raƙumin dawa zai miƙa wuya ya ci. Ragowar irin nasu na Afirka ta Yamma suna yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, kuma a 1996 guda 49 kacal suka rage a duniya kafin kariyar da aka ba su ta sa suka haura 600. Can nesa kuma, a tsibirin Sulawesi na Indonesiya, a 2021 masana suka bayyana zanen wani aladen daji a cikin kogo da ya kai aƙalla shekara 45,500, an yi shi da jar ƙasa. Ke nan abin da 'yar wana ta yi da gawayi ya girmi rubutu, ya girmi noma.

Ban kawo waɗannan don in ce tsufan abu hujja ce ta halaccinsa ba. Na kawo su ne don su nuna abin da zane ke tilasta wa mutum. Gani daban, kallo daban. Na girma cikin tumaki, amma da aka ce in faɗi inda kunnen rago yake tsirowa, gaban ƙaho ko ƙarƙashinsa, sai da na leƙa tsakar gida. Yarinyar ba ta buƙaci leƙawa ba, domin ta yini biyu tsugune gaban ragon. Ta gano ƙwayar idonsa a kwance take, ba zagayayyiya ba ce kamar ta mutum, kuma ta zo tana tambayata dalili. Na ba ta abin da na sani, cewa dabbobin da ake farauta suna buƙatar hango ko'ina a faɗin fili ko da sun sunkuya suna kiwo. Wannan darasin ilimin halittu ne cikakke, kuma gawayi ne ya jawo shi.

Dutse yana da wata fa'ida da takarda ba ta da ita. Takarda shimfiɗaɗɗiya ce, duk abin da ka ga dama za ka ɗora mata. Dutse kuwa yana zuwa da siffarsa, wani mai tsini, wani mai kumburi a gefe, kuma dole yaro ya juya shi ya tambayi kansa: wannan da me ya yi kama? Ƙwaƙwalwar ɗan Adam gwana ce wajen hango fuska a inda babu ita. Shi ya sa matafiya kan hanyar Abuja zuwa Kaduna ke nuna wa juna idanu da baki a jikin Dutsen Zuma, wanda ke kan takardar naira 100. Yaron da ya tsinci dutse mai dogon baki ya ce wannan jaki ne, ya fara koyon daidaita abin da ke ransa da abin da ke hannunsa, kuma wannan ita ce sana'ar magini da maƙeri da tela da injiniya.

Mun kuma san inda rashin wannan horo yake kai mu. A jarrabawar WAEC ta ilimin halittu, ɓangaren gwaji, ana ajiye wa ɗalibi ganye ko ƙashi ko ƙwaro a ce ya zana ya sa sunayen sassa. Ɗalibin da bai taɓa zana komai daga ido ba sai ya zano hoton littafin da ya haddace, ko da abin da ke gabansa ya saɓa. Daga cikin waɗannan ɗalibai ake ɗibar masu shiga jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero, nan kusa da mu. Santiago Ramón y Cajal, ɗan Sifaniya da ya sami kyautar Nobel a 1906 kan binciken jijiyoyin ƙwaƙwalwa, da fensir ya zana abin da ya gani a madubin ƙara girma, kuma har yau ana koyarwa da zane-zanensa. Tun yana yaro zane ne abin sonsa, mahaifinsa yana hana shi.

Yanzu ga maganar Inna, wadda ita ce mai nauyi.

Maiyama da Jega da Aliero duk ƙasar Gwandu ce, masarautar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Daga cikin abubuwan da malaman jihadi suka yi wa'azi a kai da zafi akwai yanka da baiko ga itatuwa da duwatsu, kuma wannan zargi ya fito ƙarara a wasiƙun da Muhammadu Bello ya yi musaya da Shehu Laminu na Borno. Kafin su, tarihin Kano ya adana labarin Barbushe da Tsumburbura a Dutsen Dala. A ƙasar Hausa dutse ba abu ne da ba ruwansa ba. An taɓa durƙusa masa. Saboda haka idan tsohuwa ta ga dutse da idanu a cikin ɗakinta gabanta ya faɗi, wa'azin shekara 200 ne ke magana da bakinta. Ga kuma hadisai ingantattu a Buhari da Muslim masu tsananin gargaɗi ga masu yin surar abu mai rai, har da wanda Ibn Abbas (RA) ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zana itatuwa da abubuwan da ba su da rai.

Ni ɗan jarida ne, ba mai fatawa ba, don haka abin da zan iya shi ne in faɗi yadda malamai suka rarrabe. A mazhabar Malikiyya, wadda littattafanta ake karantawa a zaurukanmu, masu sharhin Mukhtasar na Khalil irin su Dardir sun ce surar da ta haramta ita ce ta abu mai rai, wadda take da jiki har tana yin inuwa, kuma gaɓoɓinta suka cika. Idan zane ne a shimfiɗe, a bango ko takarda, hukuncinsa karhanci ne, idan kuma a wurin da ake wulaƙanta shi yake, kamar shimfiɗar da ake takawa, to barinsa ne dai ya fi. An kuma yi rangwame ga 'yar tsanar yara mata, saboda Nana A'isha (RA) tana da su, har Abu Dawuda ya ruwaito cewa a cikinsu akwai doki mai fukafukai wanda Annabi (SAW) ya gani ya yi dariya. Wasu malaman, irin su Imam Nawawi na Shafi'iyya, sun tsananta, ba su bambanta mai inuwa da marar inuwa ba. Akwai kuma masu ganin kai shi ne ainihin sura, don haka zana fuska kaɗai bai fitar da mutum daga hanin ba.

To ina dutsen 'yar wana ya faɗa? Ba a sassaƙa shi ba. Inuwar da yake yi ta dutse ce, ba ta rago ba. Fuska ce babu jiki. Abin wasan yarinya ne. A ma'aunin Malikiyya, a iya fahimtata, yana nesa da gunki. A ma'aunin masu tsanantawa kuwa bai tsira ba. Saɓani ne na gaske tsakanin malamai na gaske, kuma ba a aji huɗu na firamare za a warware shi ba.

Abin da nake ganin ya dace shi ne kada malami ya tilasta wa kowane yaro zana dabba. Uban da ya ce ɗansa ba zai yi ba yana da madogara, kuma yaron ba zai yi asarar komai ba idan ya zana albasar Aliero da aka raba biyu, ko ganyen kuka, ko dagi, ko irin zayyanar da ake yi wa allon mai sauka. Horon idon ɗaya ne. Amma haka nan bai kamata ƙin uba ɗaya ya rufe darasin ga yara sittin ba, balle ya zama sabuwar hujjar komawa karɓar kuɗin tsintsiya. Kuma mu riƙa faɗa wa kanmu gaskiya. Yaran da muke tsoron su zana rago suna wuni da hotunan zaki a waya. Manyan motocin da ke ɗaukar albasa zuwa kudu da zaki da gaggafa a bayansu suke tafe. Tambarin ƙasa da ke kan takardun makarantar dawaki biyu ne da gaggafa. Mu kanmu da muna yara mun gina shanun laka a bakin tafki, da tozo da ƙaho, waɗanda a ma'aunin fiƙihu sun fi dutsen nan kusa da abin da aka hana, ba wanda ya kore mu daga gida. Abin da muka saba da shi ba ya ba mu tsoro, baƙon abu ne ke tayar mana da hankali.

Akwai haɗari biyu da na fi jin tsoro fiye da wanda Inna ta hango, kuma ba na jin ana maganarsu.

Na farko dalma ce. A 2010 yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, maƙwabciyarmu, saboda duwatsun zinariya da ake kawowa gida ana daka su, ashe cike suke da dalma. An sake ganin irin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015. A Kebbi ma ana haƙar zinariya a wajen Yawuri. Duk malamin da zai ce yara su kawo dutse, wajibi ne ya ce musu ban da na wurin haƙar ma'adinai, ban da mai ƙyalƙyali, kuma ba a dakawa ba a gogawa. Haka fentin mai na gwangwani, musamman rawaya da ja, an sha samun dalma a cikinsa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da aka san ba ya cutar da yaro. Yaro kuwa yana zane yana sa yatsa a baki. A nan talaucinmu ya yi mana rana: jar ƙasa da farar ƙasa da gawayi da shuni da lalle sun fi ragowar fentin ƙofa aminci, kuma da irinsu aka yi zanen da ya daɗe a Birnin Kudu.

Na biyu shi ne yaro ya girma da tunanin kowane dutse allo ne. Mun ga yadda ake shafe duwatsun bakin hanya da sunayen 'yan takara duk lokacin zaɓe, fentin ya fi alkawarin daɗewa. Idan wannan hali ya kai ga ganuwar Surame, birnin Kanta da aka gina da duwatsu a ƙarni na 16, ko ga kogunan Birnin Kudu, ɓarnar ba ta gyaruwa. Darasin da ya koya wa yaro zane a kan tsakuwar da ya tsinta, shi ya kamata ya koya masa cewa akwai duwatsun da wasu suka riga shi, waɗanda nasa kallo ne kawai.

Kwana ukun da na roƙa suka cika ranar da aka gama rabon naman layya. Ban yi wa Inna dogon bayani ba, na dai faɗa mata abin da malamai suka ce game da surar da ake ɗaukakawa da wadda ake takawa. Ta yi shiru, sannan ta ce in dai ba za a ɗora shi a kan kabad ana kallo ba, to a tokare ƙofar madafi da shi, dama iska na damunta da bugawa. Aka yi haka, da sharaɗin yarinyar za ta ɗauka ta kai makaranta idan an koma.

Da safen da zan tafi na tarar da Inna tsaye a bakin madafin, ta sunkuya tana duban dutsen. Fatar ragon tana shanye a kan katanga. Ta kira yarinyar ta ce, "Ke, zo nan. Ƙahon da ya karye na hagu na, ba na dama ba. Ɗauko gawayi ki gyara."